Makullin da ke Hannun Labbo

Direbobin manyan motoci na Ƙonni da Malbaza suna da wata al'ada da ta girmi mafi yawansu. In mutum ya zo jiran lodi, sai ya nemi dutse ya ajiye a gindin katangar tasha, bayan dutsen wanda ya riga shi zuwa. Kowa ya san nasa kamar yadda ya san ƙarar injin motarsa. Daga nan ko gida ya nufa, ko suna a Tsarnawa, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, ba mai taɓa masa dutse. In layi ya zo kansa, a aika a kira shi. In kuwa ta Allah ta kasance dutsensa na cikin layi, to ba direban da zai sa hannu, kome gaggawarsa. Sai wani na jinin mamacin ya zo ya ɗaga, ya ce, "An saki." Mutane ne da ke iya zage-zage a kan buhu guda, amma wannan kam ba su taɓa ketawa ba.

Dutse ya yi musu aiki muddin tasha ɗaya ce. Da harka ta buɗe, sandikar direbobi, wato ƙungiyarsu, ta koma raba lodi a wuri uku, Ƙonni da Malbaza da Illela, sai aka fara tura mota biyu ɗaukar siminti guda. Mai buro, wato mai riƙe da ofishin lodi, na Ƙonni ya ba wane, na Illela bai sani ba ya ba wane, su haɗu a ƙofar masana'anta kowa na cewa nasa ne. Inda direba biyu suka haɗu a kan lodi ɗaya kuwa, ba sai an tambayi abin da ya biyo baya ba.

Shi ya sa, a shekarun da salula ta fara shiga aljihun mutane, shugaban sandika Alhaji Tanimun ya sayo tsofaffin kwamfutoci uku daga Sakkwato, ya aika aka kira Alkasum.

Alkasum ɗan Ƙonni ne. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya yi shekaru a Yamai yana koyon cikin waɗannan injuna, ya dawo ya buɗe shagon gyara. Mutum ne marar yawan magana, irin wanda in ka tambaye shi lafiya sai ya yi tunani tukuna. Ya zuba layin direbobin duka cikin fayil guda a kwamfutar Ƙonni. Sauran biyun kuma su riƙa kiran ta ta wayar tarho, ta wani ɗan akwati mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Don kada mutum biyu su yi rubutu lokaci ɗaya, ya gina wani abu a cikin injin, ya sa masa suna mai gadi. Makulli ɗaya ne a hannun mai gadi. Wanda zai yi rubutu ya roƙa a ba shi, saura su jira.

Abu guda ya rage: da wace ƙa'ida injunan za su yi magana da mai gadi? Wannan bai yanke shi kaɗai ba. Ya kawo maganar gaban manya, a ƙarƙashin rumfar tasha.

"Hanya biyu ce," in ji shi. "Ta fari kamar igiyar guga take. Muddin waya na haɗe, makulli na hannunka. Ta yanke, makulli ya faɗi, wani shi ɗauka."

"Wayar Malbaza?" in ji Ɗahiru, wani direba mai ƙaton ciki wanda ba a zama da shi a rasa dariya. "Wadda in jaki ya yi kuka a Dogarawa take yankewa? To kullum makulli na ƙasa ke nan."

"Ta biyu, saƙo ake jefawa. Inji ya ce 'na riƙe', mai gadi ya shaida. Ko waya ta yanke, ko wuta ta ɗauke, makulli naka ne har ka dawo ka ce 'na saki'. In injin ya farka bai tabbata ana sane da shi ba, sai shi sake kira shi faɗi. Shi yi ta faɗi har a amsa mai."

"Wanga ai dutse ne," in ji wani tsoho daga ƙarshen benci.

Labbo ke nan. Tsohon direba ne da mota ta taɓa kifewa da shi, ta bar masa ƙafa guda gajera. Ya bar tuƙi ya buɗe ɗakin buga tarho a Malbaza, nan yake kwana, nan yake dafa shayinsa. Da yake shi ke da waya, a ɗakinsa za a ajiye kwamfutar Malbaza, shi ne kuma zai zama mai buro. Shi ya fara kai Alkasum Yamai a gaban motarsa, ya ciyar da shi a hanya, ya damƙa shi hannun mutanen kirki. Tun daga nan Alkasum ke ce masa Baba.

"Dutse ne, Baba, amma tana da aibi. In mai riƙo ya tafi bai dawo ba, kowa ya tsaya."

"Ina za ni da wagga ƙafa? Makka?"

Aka kwashe da dariya. Labbo bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya matso har gwiwarsa ta taɓa ta Alkasum.

"Ni dai abin da ban so, in fita salla in dawo in iske an fizge mani abu don na yi shiru. Shiru ba mutuwa ba ne. Ba ni hannunka, ɗana. Abin da na riƙe, ba mai amshewa sai na saki."

Alkasum ya ba shi hannu a gaban jama'a. Alhaji Tanimun ya ce a yi ta dutse, aka shafa fatiha, aka watse.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Faɗa ya mutu. Aibi ɗaya da aka sani shi ne halin Labbo: kullum dab da Azahar yake buɗe fayil, da ladan ya kira sai ya tashi ya bar makulli a hannunsa. Masallacin ba nisa, amma ƙafar ba sauri, ga shi ba ya wuce mutum bai tambayi gida da gajiya da dabbobi ba. Mai buro na Illela ya yi ta tsaki, na Ƙonni ya ɗora shayi. A fuskar kwamfuta rubutu na nan da Hausa, don Alkasum haka ya yi musu: RUFE. YANA HANNUN LABBO, MALBAZA. Ɗahiru kan leƙo ya ce, "Labbo na sujada, Nijar ta tsaya." Can sai akwatin ya yi kukansa, a ga AN SAKI, kowa ya ci gaba.

Wata ranar bazara, irin wadda ko ƙadangare ba ya fitowa, Labbo ya buɗe fayil, ladan ya kira, ya ja ƙofa ya fita. Ya yi salla. A hanyar dawowa ya zauna a gindin wata itaciyar bedi ya ce bari ya huta. Da aka zo tashinsa, sai aka iske an riga an tashe shi.

Aka yi jana'iza kafin La'asar ta wuce. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba shi haihuwa ba, danginsa kuma suna can Tajaye. Mai unguwa ya sa kwado a ƙofar ɗakin, ya ce ba mai shiga sai magada sun zo. Ba wanda ya tuna da kwamfutar da ke ciki.

Da aka tashi daga zaman makoki aka buɗe buro a Ƙonni, sai ga rubutun nan yana jiran su. YANA HANNUN LABBO, MALBAZA. Mutane suka tsaya cirko-cirko. Wani ya cire hula, bai san ma ya cire ba.

Ana iya karanta layin, amma ba a iya ƙara suna, ba a iya cirewa. Motoci kuwa ba su san makoki ba, sai taruwa suke yi. Alhaji Tanimun ya kira Alkasum gefe.

"Kana iya ɓalle shi?"

"Ina iya, Alhaji."

"To mi kake jira?"

"Na ba shi hannu."

"Ka ba mai rai hannu. Wanda ka ba hannun yana ƙarƙashin ƙasa, Allah shi jiƙan shi. Ɓalle."

Alkasum ya zauna, ya danna abin da zai danna, bai kalli kowa ba. Ji ya yi kamar yana buɗe yatsun mai barci ɗaya bayan ɗaya don ya zare abin da ke ciki. Rubutun ya gushe. Aka yi aikin safiya lafiya, har Ɗahiru ya fara ba da labarin wata mai tuwo ta Illela.

Rana ta take tsaka, ladan ya yi kira, sai akwatin ya fara kuka. Kowa ya ɗauka Illela ce. Da kukan ya lafa, sai ga shi a fuskar injin: LABBO, MALBAZA: NA RIƘE. A ƙarƙashinsa mai gadi ya amsa: RUFE.

Kofin shayi ya tsaya a tsakanin hannun Ɗahiru da bakinsa. "La'ilaha illallahu," in ji shi a hankali. "Baba ya dawo salla."

Alkasum ya san dalili, ya kuma faɗa musu. Wuta ce ta dawo a Malbaza. Shi da kansa ya saita injin Labbo ya riƙa tashi in wuta ta zo, don tsohon na mantawa. Injin ya farka a cikin ɗaki rufe, ya tuna yana riƙe da makulli, ba wanda ya ce masa ya saki, sai ya kira ya faɗa. Mai gadi kuwa an koya masa dokar dutse: mai tsohon riƙo shi ne mai gaskiya. Ba aljan, ba fatalwa, ƙa'idar da suka zaɓa ce ke aikinta. Ya yi bayanin nan tsaf, muryarsa ba ta rawa. Amma sanin dalili bai hana shi ganin hannun nan na Labbo mai kanta ba, wanda ya riƙe nasa a ƙarƙashin rumfa.

Ya sake ɓallewa washegari. Riƙon Labbo ya sake dawowa. Wutar Malbaza ba ta da alkawari, tana zuwa da hantsi, tana zuwa da yamma, amma wanda ya zo da Azahar shi mutane ke riƙewa suna faɗi. Magana ta bazu daga tasha zuwa kasuwa. Wasu direbobi suka daina shiga buro, daga taga suke faɗin lambar mota. Wani tsohon direba kuma kullum sai ya shigo ya yi wa injin sallama. Liman ya ce mamaci ba ya riƙe komai sai aikinsa, kowa ya ce haka ne, amma ba wanda ya koma zama kusa da akwatin.

Alkasum ya hau babur ya je Malbaza. Mai unguwa ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya hana shi makullin ɗakin.

"Ɗana, in na buɗe maka yau, gobe allura ta ɓata, wa za a tambaya? Kayan mamaci wuta ne. Sai nasa sun zo."

"Yaushe za su zo?"

"Yayarsa ce ta rage, tsohuwa, idonta ya yi rauni. Ɗiyanta na cirani. Sai ruwa ya sauka sun dawo noma su kawo ta."

Kafin ya tafi ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ƙurar siminti ta kwanta a kan kwadon, fara fat. Ya kara kunnensa a jikin ƙyauren. Da fari shiru. Sai ya ji ɗan hucin fankar injin, a hankali, kamar numfashin mai barcin rana. Sai ƙis, ƙis, ƙis, ana buga lambar Ƙonni. Ba kowa a ɗakin, ana kira. Ya ja baya har ya yi tuntuɓe da dakali. A hanyar komawa bai wuce ta gindin bedin nan ba, ya zaga.

Da layi ya ƙi tsayuwa, aka koma tura mota da baki, tsohon ciwo kuwa ya dawo. Ranar Talata mota biyu suka haɗu a kan lodi guda, Ɗahiru ya shiga rabo, ƙarfen kwance taya ya same shi a goshi. Jandarma suka zo, aka kwashi mutane, Alhaji Tanimun ya wuni yana ba da haƙuri. Da ya dawo bai ko zauna ba.

"Alkasum, jini ya zuba. Ba kai ka koya wa mai gadin nan magana ba? Ka ce mai in Labbo ya kira kada shi amsa. Shi ke nan."

Gaskiya ce, shi ke nan ɗin. Layi guda na rubutu ne, bai kai a sha ruwa ba. Alkasum ya zauna, ya ɗora yatsu a kan madannai. Ya rubuta sunan. Sai ya hango ɗakin can rufe, injin na kira, ana ɗagawa ana ajiyewa, yana sake kira, yana faɗin "na riƙe" ba mai amsawa, yau da gobe har ruwa ya sauka. Mutumin da bai taɓa wuce ko yaro bai yi masa sallama ba, a ce shi za a ƙi amsa wa sallama. Ɓallewa ma da ya yi ta ishe shi kunya. Ya goge sunan, ya janye hannu.

"Alhaji, ka ba ni lokaci zuwa Juma'a."

"Juma'a bayan salla. In ba haka ba ni da kaina zan sa a hau a datse wayar ɗakin, a goge sunan, injunan kuma su koma inda sunka fito. Na fi son direbobi da rai bisa alkawarinka."

Ɗahiru ne ya kai shi Tajaye, da rawanin bandeji a ka, a wata ƙaramar mota ta aro. Ya ce shi ma yana da magana da Labbo, tunda a dalilinsa aka naɗa shi sarauta ba shiri. Suka bar kwalta suka shiga rairayi, gonaki a share suna jiran ruwa, garin duk tsofaffi da mata da awaki.

Suka iske Hawa'u, yayar Labbo, a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya, ba ta ko kallon hannunta. Suka durƙusa suka yi gaisuwa, suka yi ta'aziyya. Alkasum ya fara bayani, ya ga zancen inji ba zai kai shi ko'ina ba.

"Inna, Baba Labbo ya tafi yana riƙe da wani abu, kuma mutane sun tsaya."

"Mi ya riƙe?"

"Makulli."

"Na ƙofa? A fasa mana."

"A'a, Inna," in ji Ɗahiru. "Dutsensa na cikin layi."

Tsohuwa ta dakata da ɓara. Ƙanenta ya yi shekaru yana tuƙi, ta san dutse.

"Shi da ya bar mota tun tuni, wane layi kuma?" Ta girgiza kai, sai ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Labbo ke nan. Tun yana yaro haka yake. In ya kama guga a rijiya, ko fitsari ya matse shi ba ya ba wani, sai dai shi tafi da igiyar. Uwarmu ta buge shi a kan haka har ta gaji. To kai wane ne nasa?"

"Ɗansa ne ni, na hanya. Ni na yi masa alkawarin ba mai amshewa."

"Ka cika?"

Alkasum ya sunkuyar da kai. "Na fizge, Inna. Ya dawo ya karɓa."

"Ai zai dawo," in ji ta, kamar ana zancen wanda ya je kasuwa. "Miƙo mani zanen can."

Ranar Juma'a da hantsi mai unguwa ya sa makulli a kwadon, da shaidu biyu a bayansa. Ƙofar ta buɗe, zafi ya fito kamar an buɗe tanda. Komai na nan yadda ya bar shi. Hula a ƙusa. Butar shayi a kan gawayin da ya zama toka. Kofi da sauran shayi ya bushe a gindinsa. Tabarma a naɗe rabi. Sanda ce kaɗai ba ta nan, da ita ya fita.

Ba wuta. Injin na zaune baƙi ƙirin a kan tebur. Aka shimfiɗa wa Hawa'u tabarmar, suka zauna jira.  Tsohuwa ta sa aka miƙo mata hular, ta riƙa shafa bakinta da yatsa. Rana na hawa, gumi na zuba, daga nesa ana jin motocin siminti na wucewa. Alkasum na tunanin Alhaji Tanimun da mai tsani da almakashin waya.

Sai fankar ta yi huci. Fuskar injin ta yi haske, fayil ya buɗe kansa a inda aka bar shi. Ba abin da Labbo ya rubuta sai kwanan watan ranar, ɗan alamar rubutu na ƙyafta ido a gabansa, yana jiran a ci gaba. Akwatin ya yi ƙis, ƙis, ƙis, ya saki kukan nan nasa. Ɗaya daga cikin shaidun ya fice waje.

"Wa alaikumus salamu," in ji Hawa'u.

Ta miƙe da kyar, Alkasum ya kai ta gaban tebur. Ya nuna mata inda za ta danna, ya ga ba ta gani, sai ya kama yatsarta ya ɗora a wurin. Yatsar ta yi kanta kamar ta ƙanenta. Ya saki, ya koma baya, don ba nasa ba ne.

Ba ta danna nan da nan ba.

"Labbo," in ji ta, da muryar da ake yi wa yaro faɗa. "Ni ce, Hawa'u. Mutane na jira, har an fasa kan wani bawan Allah. Ba wanda ya ƙwace maka, ka ji? Yaron nan ya tsare maka iyakar ƙarfinsa. Ka sha ruwanka, ka ba wani guga." Ta ja numfashi. "An saki."

Ta danna.

Rubutu ya fito: LABBO, MALBAZA: NA SAKI. Aka ɗan jima, wayar Malbaza dai ita ce wayar Malbaza. Can mai gadi ya amsa daga Ƙonni: NA KARƁA. Akwatin ya yi shiru.  Ɗahiru ya juya yana gyara bandeji, ya daɗe yana gyarawa.

Bayan sallar Juma'a aka sake zama a kan maganar ƙa'ida, a Malbaza wannan karon, a ƙofar ɗakin. Alhaji Tanimun ya ce a koma ta igiya. Alkasum ya ce wayar ba ta canza hali ba, makulli zai riƙa faɗuwa a tsakiyar rubutu.

"To dutse kuma mun ga ƙarshensa," in ji Alhaji.

"Akwai ta uku. Makulli shi zama aro. Mai riƙo shi riƙa cewa 'ina nan' lokaci zuwa lokaci. In ya yi shiru ya wuce ƙima, mai gadi shi karɓe."

"Injin Labbo ai bai yi shiru ba," in ji Ɗahiru. "Ya fi mai shi surutu."

"Shi ya sa ba inji zai faɗa da kansa ba. Sai hannun mutum ya taɓa madanni tukuna."

Aka yi na'am. Alhaji ya tambayi ƙimar shirun, ya ce shi dai a taƙaita, motoci ba sa son jira. Alkasum ya ce a bar masa wannan, zai auna.

Washegari da ladan ya kira Azahar, yana tsaye a ƙofar ɗakin Labbo da agogo a hannu. Ya kama hanyar masallaci, ba da tafiyarsa ba. Yana jan ƙafa guda, yana tsayawa. Ya gai da mai nama, ya tambaye shi gida da gajiya. Ya gai da mai faci, ya tambayi awakinsa. Mutane na kallon sa, ba wanda ya yi dariya, sun gane tafiyar wa ake yi. Ya yi alwala a natse, ya yi salla, ya zauna ya yi tasbihi. Ya fito ya kamo hanyar dawowa, wannan karon bai zaga ba, ya bi ta gindin bedin.

Yana wuce ta sai ya ji abu a bayansa. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Kamar ƙarshen sanda a kan busasshiyar ƙasa. Wataƙila ƙarfe ne ke bugun ƙarfe a wata mota can nesa, garin ba ya rasa irin wannan ƙara. Bai waiwaya ba. Ya dai lura tafiyar da yake yi, duk jan ƙafar nan, ta yi sauri. Ya rage. Ya ƙara ragewa.

Ya iso ƙofar ɗakin ya tsaya, bai dubi agogo ba tukuna. Ya matsa gefe ya bar hanya, kamar yadda ake yi wa babba. Ƙarar na matsowa a hankali, ba ta gaggawa, har ta zo daidai dakali ta tsaya.

Sannan ya dubi agogo. Abin da ya gani shi ya ba mai gadi a matsayin ƙimar shiru, bai rage ko kaɗan ba.

Na Illela ya yi ƙorafi ya ce jiran ya yi yawa, Alhaji Tanimun ma ya ce a rage. Alkasum ya ce an riga an auna.